Layukan Dare: Yadda Ake Karanta Farashin ES da NQ Kafin a Buɗe Kasuwar New York

Da ƙarfe 9:30 na safe agogon New York ake buɗe kasuwar hannayen jarin Amurka, amma kafin lokacin kwantiragin gaba (yarjejeniyar saye ko sayarwa a farashin da aka tsayar yanzu, a daidaita daga baya) na ma'aunin S&P 500, wanda ke bin farashin hannayen jarin manyan kamfanonin Amurka kimanin 500, ya riga ya shafe awa goma sha biyar da rabi ana cinikinsa. Tun ƙarfe 6:00 na yammacin jiya dandalin Globex na kamfanin CME da ke Chicago ya buɗe, kuma mutanen Tokyo da Landan duk sun sa hannu a farashin kafin Amurkawa su farka. Wanda ya zauna gaban kwamfuta da safe bai duba inda aka kai farashi cikin dare ba, ya shiga zance ne a tsakiya. Wannan jagorar a kan haka take: waɗanne layuka ake ja a kan taswirar farashi, me ya sa suke da tasiri, da kuma yadda ake jiran kasuwar rana ta yanke musu hukunci kafin a sa kuɗi.

Da farko ka san abin da ke hannunka

Kwantiragin da aka fi ciniki shi ne E-mini S&P 500, wanda 'yan kasuwa ke kira ES. A 1997 aka fara shi. Kowane maki ɗaya dala 50 ne, kuma farashinsa na tafiya da rubu'in maki, wato kowane taku dala 12.50. Na ma'aunin Nasdaq-100, mai bin manyan kamfanoni kimanin 100 na kasuwar Nasdaq, shi ne NQ, maki ɗaya dala 20. A watan Mayun 2019 CME ya fito da ƙanana, MES da MNQ, kowanne kashi ɗaya cikin goma na babban: dala 5 da dala 2 a kan maki. Ba a miƙa wa kowa hannun jari idan wa'adi ya cika, da kuɗi ake daidaita riba ko asara.

Ana cinikinsu daga ƙarfe 6:00 na yammacin Lahadi zuwa 5:00 na yammacin Juma'a agogon New York, da hutun awa ɗaya kowace rana tsakanin 5:00 da 6:00. Ita kuwa kasuwar hannayen jarin kanta daga 9:30 zuwa 4:00 kawai take. Duk abin da ya faru daga 6:00 na yamma zuwa 9:30 na safe shi muke kira zaman dare.

Mataki na farko: raba taswirar gida biyu

Ka saita agogon manhajarka a kan lokacin New York, ko a ina kake zaune a duniya. Dalili shi ne Amurka da Turai ba rana ɗaya suke sauya agogo ba. Amurka na matsar da nata gaba a Lahadi ta biyu ta Maris, Turai sai Lahadin ƙarshe ta watan. A kaka kuma Turai ke riga dawowa a ƙarshen Oktoba, Amurka ta biyo a Lahadin farko ta Nuwamba. A waɗannan makonnin buɗewar Landan na kaucewa da awa ɗaya daga inda ka saba ganinta.

Sai ka buɗe taswira biyu. Ɗaya ta nuna cinikin rana kaɗai, ɗayar ta nuna awannin duka. A ta farko ne ake ganin giɓi tsakanin rufewar jiya da buɗewar yau. A ta biyu ake ganin hanyar da farashi ya bi ya kai can. Sandunan minti 30, wato waɗanda kowacce ke nuna tafiyar farashi cikin minti 30, sun isa a ga siffar dare, na minti 5 kuma domin shiga da fita.

Mataki na biyu: ja layuka kaɗan

Daga zaman dare layi uku ake bukata: ƙololuwar dare, wato mafi tsadar farashin da aka taɓa, sai ƙasan dare, mafi arha, sai tsakiyarsu. A bakin 'yan kasuwa za ka ji ana ce wa biyun farko ONH da ONL. Daga cinikin ranar jiya kuma uku: ƙololuwa, ƙasa, da farashin rufewa. Shida ke nan.

Idan manhajarka na nuna yawan cinikin da aka yi a kowane farashi, ƙara guda: farashin da aka fi yin ciniki a kansa cikin dare. Wannan tunani ya samo asali ne daga tsarin Market Profile da Peter Steidlmayer ya ɓullo da shi a kasuwar CBOT ta Chicago a shekarun 1980, wanda ke kallon inda kasuwa ta daɗe maimakon inda ta leƙa kawai. Bayan wannan ka tsaya. Taswirar da aka cika da layi ashirin, duk inda farashi ya juya za a sami layin da za a jingina masa, kuma hakan ba ya koya wa kowa komai.

Kada ka kammala layukan dare sai daf da 9:30, domin awa ta ƙarshe kafin buɗewa kan sauya su.

Me ya sa farashi ke mutunta waɗannan layuka?

A nan ya kamata a ɗan tsaya, saboda wanda bai gane dalili ba zai ɗauki layi tamkar katanga, ya yi ta saye a ƙasan dare yana sayarwa a ƙololuwarsa har asusunsa ya ƙare.

Dalili na farko, kowa na ganinsu. Ƙaramin ɗan kasuwa da babban banki da na'urorin da ke ciniki da kansu duk lamba ɗaya suke gani a matsayin ƙololuwar dare, babu saɓanin fassara kamar yadda ake samu a layukan da kowa ke zanawa yadda ya ga dama. Inda idanu suka taru, oda na taruwa.

Na biyu ya fi muhimmanci. Wanda ya sayar cikin dare yana tsammanin faɗuwa, ina zai ajiye odar tsayar da asararsa, wato odar da ke fitar da shi daga ciniki da kanta idan farashi ya juya masa baya? Galibi ɗan sama da ƙololuwar dare. Wanda ya saya kuma tasa na ɗan ƙasa da ƙasan dare. Odar tsayar da asara ta mai sayarwa odar saye ce idan ta tashi. Ban da su, akwai masu jiran a fasa layin su shiga. Saboda haka a bayan kowane layi akwai tarin oda da ke kwance, kuma mai son shiga ko fita da kaya mai yawa yana bukatar irin wannan wuri, inda zai sami abokin ciniki ba tare da ya tura farashi da nisa ba. Shi ya sa sau da yawa za ka ga farashi ya nufi layin kamar ana jan sa, ya wuce shi da maki biyu ko uku da sauri, sannan a ga gaskiyar lamari: ko dai sababbin masu saye su biyo baya, ko kuma a rasa kowa, farashi ya dawo.

Na uku, cinikin dare bai kai na rana yawa ba, ko kusa. Odar da ba za ta motsa komai da ƙarfe 10:00 na safe ba tana iya tura farashi maki da dama da tsakar dare. Manyan asusun fansho da na zuba jari, waɗanda ke saye da sayar da hannayen jarin kansu, sai an buɗe kasuwa suke shigowa da ƙarfinsu. To farashin dare tayi ne kawai da 'yan tsiraru suka yi. Masu rinjaye ne za su ce an sallama ko albarka. Aikinka da safe shi ne ka ga wanne suka faɗa. Layin ba ya gaya maka ka saya ko ka sayar, yana gaya maka inda za ka zuba ido ne.

Mataki na uku: tambayi yaushe aka yi layin, kuma me ya jawo shi

Ba duk ƙololuwar dare ce ke da nauyi ɗaya ba. Kasuwar Tokyo na buɗewa da 7:00 ko 8:00 na dare agogon New York, gwargwadon lokacin shekara, kuma a mafi yawan ranaku zaman Asiya shiru-shiru ne ga ES. Da 3:00 na dare Landan da Frankfurt ke buɗewa, ciniki ya ƙaru, kuma sau da yawa a nan ne ake fasa iyakar da Asiya ta shata. Da 8:30 na safe kuma gwamnatin Amurka ke fitar da manyan alƙaluma: rahoton ayyukan yi, wanda galibi ke fitowa Juma'ar farko ta wata, da na hauhawar farashin kaya. Cikin minti ɗaya waɗannan kan share iyakar da aka kwana ana ginawa.

Ƙololuwar da aka yi da ƙarfe 1:00 na dare da ciniki ƙalilan, aka taɓa sau ɗaya aka bar ta, ba ɗaya take da wadda aka yi bayan 8:30 da ciniki mai kauri ba. Ta biyun martani ce ga sabon labari, kuma mutane da yawa sun sa kuɗi a kanta. Ka kuma duba siffarta. Idan farashi ya harba sama ya bar doguwar jela a saman sanda ya dawo nan take, masu sayarwa sun nuna kansu a can. Idan kuwa ya je ya yi ta dukan lamba ɗaya sau uku ko huɗu ba tare da ya ja da baya sosai ba, wannan ƙololuwa ce mai rauni. Ba a kore shi ba, tsayawa kawai ya yi, kuma a ganina irinta ta fi saurin fashewa.

Mai cinikin NQ ya ƙara duba abu ɗaya. Kamfanoni irin su Apple, Microsoft da Nvidia bayan an tashi kasuwa suke bayyana sakamakon ribarsu, kuma nauyinsu a Nasdaq-100 ya isa ya ja ma'aunin gaba ɗaya. A irin wannan dare NQ da ES na iya ba da labari daban-daban.

Mataki na huɗu: ina za a buɗe, kuma kayan wa ya yi nauyi?

Ka gwada zaman dare da iyakar jiya. Idan duk daren an yi shi ne tsakanin ƙololuwa da ƙasan jiya, kasuwa ba ta ga sabon abu ba. Ka sa ran kai-komo, kuma layukan jiya sun fi na dare nauyi har sai an fita daga cikinsu. Idan za a buɗe a wajen iyakar jiya, an sami giɓi na gaske, wani abu ya sauya, kuma ranar na iya zama mai tafiya da nisa, ko gaba ko baya. Tsakanin waɗannan akwai daren da ya leƙa waje ya dawo ciki kafin safiya, alamar cewa an riga an gwada an ƙi.

Sai batun kayan dare. Ka dubi farashin rufewar jiya: idan kusan duk cinikin dare a samansa aka yi, to 'yan dare sun cika hannu da saye. Yawancinsu masu gajeren zango ne, jira suke a buɗe su sauke wa 'yan rana. In 'yan rana suka zo da ƙishirwar saye, shi ke nan, farashi ya ci gaba. In ba su zo ba, sai masu kayan su fara rige-rigen fita, farashi ya sulalo zuwa wajen rufewar jiya ba tare da wani mummunan labari ba. Wannan saukowa ta gyaran kaya ce, kuma sau da yawa takan ƙare cikin rabin awar farko. Mutane da yawa kan ɗauke ta a matsayin juyawar kasuwa, su sayar a ƙasa daidai lokacin da masu saye na gaske ke shigowa. Haka abin yake a juye idan dare ya cika da masu sayarwa.

Amma fa idan kayan dare sun karkata gefe guda, aka buɗe kuma ba a gyara ba, wannan ma saƙo ne, mai ƙarfi ma kuwa: masu rinjaye sun yarda da farashin dare.

Mataki na biyar: jira hukunci

Bari mu ɗauki misali da lambobin ƙiyasi. A ce jiya ES ya kai 5,022 a sama, 4,978 a ƙasa, ya rufe a 5,010. Cikin dare ya kai 5,031 a sama da 5,004 a ƙasa, tsakiya ke nan 5,017.50, kuma tun buɗewar Landan a saman 5,010 yake. Aka buɗe a 5,026, sama da ƙololuwar jiya, maki biyar ƙasa da ta dare. Kafin buɗewa ka riga ka rubuta hanya biyu.

Hanya ta farko: da 9:38 farashi ya haura 5,031, ya taɓa 5,033.50, sandar minti biyar ta rufe a 5,030. Yawan ciniki ya tashi a lokacin fasawar, amma sanda ta gaba ta kasa komawa sama. An kwashe odar da ke bayan layin, babu wanda ya biyo. Ƙi ke nan. Mai sayarwa a 5,029 zai sa odar tsayar da asara a 5,035, sama da jelar, haɗarinsa maki shida. Zangon farko 5,022, ƙololuwar jiya. Idan farashi ya koma cikin iyakar jiya ya zauna, sai 5,017.50, sannan 5,010 inda giɓi ke cikewa, maki 19 daga wurin shiga.

Hanya ta biyu: farashi ya haura 5,031, sanduna biyu ko uku suka rufe a samansa, ya dawo ya shafi layin daga sama a 5,031.50, masu saye suka tare shi. Karɓa ke nan: rufin dare ya zama daɓe. A nan ake saye a kan dawowar, ba a kan fasawar farko ba, odar tsayar da asara kuma ƴan maki ƙasa da layin. Ka lura NQ na tafiya tare ko a'a. Idan ES ya fasa tasa ƙololuwar, NQ ya kasa fasa tasa, ka rage amincewa.

Abin da ke bambanta hanyoyin biyu lokaci ne da yawan ciniki a bayan layi, kuma ba a sanin su sai an jira. Jiran zai sa ka rasa wasu ranakun da farashi ya fasa ya tafi bai waiwayo ba. Na gwammace wannan rashin a kan shiga a daidai inda ake kwashe odar mutane.

Akwai hanya ta uku da ba a cika faɗa ba: farashi ya yi ta yawo a tsakiyar iyakar dare, bai kai ko ɗaya daga layukan ba. A tsakiya ba ka da wurin jingina odar tsayar da asara mai ma'ana. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Mataki na shida: lissafin kuɗi kafin danna maɓalli

Maki shida na misalin nan dala 300 ne a ES guda, dala 30 a MES guda, ban da kuɗin dillali. Mai asusun dala 5,000 da ya iyakance asarar kowane ciniki a kashi 1 cikin 100 yana da dala 50 kawai, wato MES ɗaya. Layi ne ke faɗar inda odar tsayar da asara za ta zauna, nisanta kuma shi ke faɗar yawan kwantiragi. Ba a matso da ita kusa don a sami damar ƙara kaya. Dillalai da yawa kan karɓi ɗan ƙaramin kuɗin jingina ga mai cinikin rana, abin da ke sa mutum ya ga kamar ES bai fi ƙarfinsa ba. Alhali a farashin 5,000 kwantiragi ɗaya na wakiltar dala 250,000, motsin kashi 1 cikin 100 kuma dala 2,500 ne. Odar tsayar da asara ma ba alƙawari ba ce; a lokacin fitar labari tana iya cika a farashin da ya fi wanda ka sa muni, kuma ana iya yin asarar da ta wuce abin da aka ajiye.

Ka kuma auna faɗin dare da abin da kasuwa ta saba yi a rana cikin makonni biyu ko uku na baya. Daren da ya yi ƙunci sosai kan bar wa rana fili. Wanda ya riga ya cinye tafiyar yini guda kuwa, bin sa a baya da safe ya fi haɗari.

Ranakun da layukan ke zama labarin jiya

A daren zaɓen Amurka na 8 ga Nuwamban 2016, da sakamako ya fara karkata ga Donald Trump, ES ya faɗi kashi 5 cikin 100, iyakar da aka yarda ya faɗi cikin dare a wancan lokaci. Kafin safiya ya farfaɗo da mafi yawansa, kuma S&P 500 ya rufe ranar 9 ga wata da ƙaruwar sama da kashi 1. 'Yan rana sun yi watsi da farashin dare gaba ɗaya. A Maris na 2020 kuwa, farkon annobar korona, dare ya sha kaiwa wannan iyaka, kuma rana ta gaskata shi: sau huɗu, a ranakun 9, 12, 16 da 18 ga wata, S&P 500 ya faɗi kashi 7 har aka dakatar da ciniki na minti 15. Ka kula da wani abu a nan. Idan farashi ya maƙale a iyakar faɗuwa, ƙasan daren ba farashin da masu saye suka tare ba ne, doka ce ta tsayar da shi, saboda haka ba layin da za a dogara da shi ba ne. A 5 ga Agustan 2024 ma, ma'aunin Nikkei na Japan ya faɗi sama da kashi 12 a rana ɗaya, guguwar ta bi dare ta iso New York, S&P 500 ya rufe da faɗuwar kashi 3. A ranar, zaman Asiya da aka saba rainawa shi ne ya ja ragama.

Ranar da Babban Bankin Amurka zai sanar da matsayarsa kan kuɗin ruwa, da 2:00 na rana, safiya kan kasance a daskare cikin iyakar dare, bayan sanarwa kuma a ratsa layukan biyu kamar ba su nan. Ka duba jadawalin sanarwa kowace safiya kafin ka duba taswira.

Sai sauyin kwantiragi. ES da NQ na ƙarewa a Juma'a ta uku ta Maris, Yuni, Satumba da Disamba, kuma kwanaki kafin nan ciniki ke komawa kan kwantiragi na gaba, wanda farashinsa ya bambanta da na tsohon da maki da dama. Layin da ka ja a tsohon ba zai zauna daidai a sabon ba. Ka sake jan su duka daga taswirar sabon.

Mataki na ƙarshe: ƙirga da kanka

Za ka ci karo da masu cewa ana fasa ɗaya daga layukan dare a kashi kaza na ranaku. Ko da lambar ta yi daidai, fasawa ba riba ba ce, domin ba ta faɗi wane layi ba, ba ta faɗi abin da ya biyo baya ba. Buɗe jadawali, kowace rana ka cike layi ɗaya: faɗin dare da maki, lokacin da aka yi ƙololuwa da ƙasa, an buɗe a cikin iyakar jiya ko a waje, kayan dare sun karkata ina, wane layi aka fara taɓawa da ƙarfe nawa, an karɓa ko an ƙi, da nisan da farashi ya yi bayan haka kafin ya juya. Ka yi wannan a asusun gwaji na wata biyu ko uku, kana ware ranakun manyan alƙaluma daban domin kada su gurɓata sauran. ES da NQ kowanne da shafinsa, saboda maki uku da ke nufin an fasa layi a ES ba komai ba ne a NQ, kuma daga shafin ne za ka fitar da tazarar da za ka riƙa bari tsakanin layi da odar tsayar da asararka.